Kankaren da Na Ce Zai Zauna da Kansa

Idan ana maganar zuba kankare tsakanin Karaye da Rogo, ba yabon kai ba, ni ake tashi a ba wa tabarma. Shekara talatin ina riƙe da cokalin gini. Akwai wani ginshiƙi da na zuba a Daura ta nan Karaye, motar gyaɗa ta ƙwace wa direba ta dake shi, har yau motar ce ke kwance a wajen makaniki, shi kuwa ginshiƙin ko tari bai yi ba. Da ido nake auna siminti, da tafin hannu nake gane yashin da zai riƙe amana. Haka nake faɗa a majalisa, haka nake faɗa a teburin mai shayi, a yi dariya a ƙara mini madara. Amma akwai aiki guda da ba na sa shi a cikin wannan kirari. Shi ne wanda mantuwa ta ƙi karɓa daga hannuna, kuma na san da shi za a sa ni a kabari.

Abin ya samo asali ne daga birnin Kano. Wata shekara da rani aiki ya yi ƙaranci a gida, sai na bi wani ɗan kwangila muka tafi wani katafaren gini mai hawa da yawa. Ni da na saba a kira ni Oga, a can na koma mai riƙe bututu.

Ga wanda bai san sana'ar ba, kankaren da muka saba da shi mai kauri ne, kamar tuwon dawa da ya kwana. In ka zuba shi a cikin akwatin katakon da kafinta ya haɗa, ba ya shiga tsakanin rodi don Allah, sai an tilasta masa. A birni akwai inji mai dogon hanci da ake cusawa a ciki ya girgiza shi, ƙararsa kamar an taka wutsiyar jakuna goma a lokaci ɗaya. A ƙauye kuwa samari ne ke zungurar sa da guntun rodi, wasu suna bubbuga katakon da guduma, har iskar da ta maƙale ta fito, ya zauna daram. In aka yi ganda, ranar da aka cire katako sai ka ga ramuka kamar saƙar zuma, magini ya rasa inda zai sa fuskarsa.

To, a wannan gini na Kano rodin ya yi yawa har ko ɓera ba zai ratsa tsakaninsa ba. Ina ta tunanin ta ina hancin inji zai shiga, sai ga motar nan mai ƙaton tulu a baya yana juyawa. Injiniyan wurin, wani saurayi da a haife na haife shi, ya sa aka ɗebo kaɗan, ya cika wani mazurari a kan faranti, ya ɗaga. Kankaren ya bazu ya yi da'ira kamar an zuba ƙullin fanke, shi kuma ya durƙusa yana auna faɗinsa da tef.

Na ce, "Injiniya, yau kunun kanwa za mu ba ginin? Wa ya haihu?"

Leburori suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi ya ce, "Baba, wannan shi ne kankare mai zama da kansa. Ba ya son girgiza, ba ya son zungura. Amma tsaya ka ji yadda ake haɗa shi, don ba kamar yadda ido ke gani ba ne."

Ya fara bayani. Na tuna ya nuna wata jarka, na tuna ya ambaci awo. Amma ni a lokacin na samu masu dariya, kuma duk wanda ya san ni ya san in na samu masu dariya kunnena rufewa yake. Ina kwaikwayon mai jego tana shan kunu, ina ce masa, "Na gane, na gane." Ya dube ni, ya koma aikinsa.

Aka zuba kankaren nan ina riƙe da bututu. Ya bi tsakanin rodi sumul kamar maciji a cikin ciyawa, babu ƙara, babu guduma, har kana jin kiran sallar unguwa ta uku. Da aka cire katako bayan 'yan kwanaki, wallahi jikin ginshiƙan kamar kumatun jariri. Na shafa, na sake shafawa. Na ce a raina, ashe shekara da shekaru muna kashe kanmu a banza. Ashe sirrin duka ruwa ne, Turawan zamani suka ɓoye mana.

Da wannan ilimi na dawo Karaye, kaina ya fi hulata girma.

Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, 'yar wani ƙauye ce a yankin Jajaye ta ƙasar Rogo. Ƙauyen na da albarkar gyaɗa da dawa, amma ba shi da ruwa. Da rani mata kan tona yashin rafi su zauna suna jiran ya tsatso, a cika tulu ɗaya kafin hantsi a gode wa Allah. A shekarar da na dawo, 'ya'yan garin da ke zaune a birni suka haɗu suka haƙa rijiyar burtsatse, suka sa mata faifan hasken rana, suka sayo wani ƙaton tankin roba wanda in ka shiga ciki za ka iya yin kiwon tumaki. Abin da ya rage wa mutanen gari shi ne gadon da tankin zai hau: ginshiƙai huɗu masu tsawo, da shimfiɗar kankare a samansu. Kowane gida ya fitar da nasa daga gyaɗar bana, aka sayo siminti da rodi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne dattijon garin, kuma duk rumbun ƙasa da ke tsaye a wannan yanki hannunsa ne ko hannun wanda ya koya wa. Shi ya aiko a kira ni. Ya ce, "Ga ɗan ƙanwata yana sana'ar, ba za mu je mu ɗauko bare ba."

Kafintan aikin kuwa ɗansa ne, taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando bawansa yake kira na. Bai taɓa gaishe ni gaisuwar mutunci ba, ni ma ban taɓa ba. In mun haɗu a wajen biki sai mutane su matso, don sun san za a sha kallo. Shi siriri ne kamar karan dawa, amma in ya hau rufin gida sai ka rantse biri ne ya tuba. Rabin kwanon da ke kan gidajen Rogo shi ya buga.

Da na iso ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "An ce bawana ya je Kano ya zama injiniya. Ina takardar? Ko akuya ta cinye?"

Na ce, "Kai dai haɗa mini akwati. Za ka ga abin da ubanka bai taɓa gani ba."

"Ubana dai kawunka ne, ka iya bakinka."

Masu kula da aikin suka kawo shawarar a ɗauko hayar injin girgiza daga Rogo. Na ce a bar shi, injin kwaɓi kaɗai ya isa. Na ba su labarin Kano, na ƙara gishiri, na ƙara yaji, har ginin ya kai hawa arba'in, har injiniya ya koma yana neman shawarata.

Ranar zubi aka yi gayya. Mata suka dafa dambu, aka dama fura a manyan ƙore. Samarin gari suka fito kowa da guntun rodinsa ko gudumarsa, don sun san yadda ake yi, sun taya zuba ginshiƙan masallacinsu. Na tsaya a kan tarin yashi na ce, "Ku ajiye waɗannan. Wannan wahalar kakanninku ce. Yau kankare da kansa zai nemi wurin zama, ku dai ku miƙo kwano."

Ruwan kwaɓin a amalanken shanu ake kawo shi daga wani tafki mai nisa, don ba a riga an haɗa famfon rijiyar ba. Duk durom ɗin da ya iso sai in ce a juye. Mai injin ya ce, "Oga, ya isa fa." Na ce a ƙara. Ya ce tsakuwar tana rabuwa da simintin. Na ce a ƙara. A garin da mace ke jiran tulu ɗaya tun asuba, ni na shayar da siminti ruwa har ya ƙoshi ya yi gyatsa.

Kawu ya tako da sandarsa, ya tsoma ta a cikin kwanon wani saurayi, ya ɗago. Babu abin da ya maƙale a jikinta sai ruwan toka yana ɗiga.

Ya ce, "Ɗan nan, ni dai ƙasa na sani. Amma ƙasar rumbu in ruwa ya yi mata yawa, bushewa take ta tsage. Shi siminti ba ya jin haka?"

Na ce, "Kawu, rumbu daban, ilimin zamani daban. Wannan a Kano da turanci ake kwaɓa shi."

Aka yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya goge sandarsa a ƙasa ya ce, "To, Allah ya sa turancin ya riƙe."

Aka fara juyewa daga sama. Kunnen magini ba ya ƙarya: na ji tsakuwa tana riga sauran faɗawa ƙasan akwati, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ita kaɗai. A Kano ban ji wannan ƙarar ba. Can tafiya ɗaya suke yi, dutse da siminti, kamar amarya da ƙawayenta. Na ji, na kau da kai, na ɗaga murya ina ba da wani labarin.

Taubashina ya kira ni gefe ya nuna mini ƙasan akwatin. Ruwan toka ne ke tsiyaya ta kowace kafa ta katako, ya yi hanya a ƙasa.

"Kai bawa, katakona kuka yake. Ka ga abin da ke fita? Simintin ne ke guduwa ya bar maka duwatsu."

"Gumi yake, aiki yake yi a ciki."

"Bari dai in ɗan bubbuga masa, ko don in huce."

Ya ɗaga gudumarsa. Na kama hannunsa na karɓe ta, na ɗaga ta sama don kowa ya gani, na ce, "Jama'a, ku ga mutumin da aka kawo wa jirgi yana neman jaki." Aka sake dariya. Ya girgiza kai yana murmushi, ya je ya zauna wajen fura. Ban san sau nawa na sake ganin wannan gudumar a hannuna ba tun daga ranar. Da na bar shi ma ba lallai ta gyara komai ba, amma ni na karɓe ta, kuma don a yi dariya na karɓe ta.

Har nan, in an yi mini adalci, jahilci ne. Abin da ya biyo baya ba jahilci ba ne.

Ranar da za a cire katako zuciyata ta ƙi kwanciya, sai na yi sammako daga Karaye a kan babur, na isa wurin kafin kowa. Na ɓamɓare katako ɗaya daga gindin ginshiƙin gabas. Abin da na gani tsakuwa ce zalla a tsaye kamar gyaɗa a cikin kwando, rodi yana leƙo ni ta tsakaninta. Na ɗauki ƙusa na danna a inda ya yi kama da siminti, ta shige kamar a cikin dankali dafaffe. Na duba sauran ukun. Biyu sun fi shi dama kaɗan, ɗaya ya fi shi muni.

Na zauna a kan bulo. Na san abin da ya kamata: in je in tsuguna a gaban Kawu in ce a rushe. Amma a rushe na nufin a koma wa gidajen da suka riga suka fitar da gyaɗarsu a ce su sake. Na nufin mai injin kwaɓi ya kai labari Rogo kafin azahar, Rogo ta miƙa wa Karaye kafin la'asar. Na nufin taubashina ya samu abin da zai yi mini waƙa da shi har tsufa. Na ce a raina, ai rodi na ciki, rodi zai riƙe. Na ce ai siminti yana ƙara ƙarfi da kwanaki. Mutum in yana son ya yaudari kansa, hujjoji har layi suke yi masa.

Na kwaɓa filasta mai siminti da yawa, na cire katakan ƙasa duka, na shafe gindin ginshiƙan nan huɗu. Ban taɓa yin filasta mai kyau irin ta wannan safiya ba.

Da taubashina ya iso ya tarar ina wanke cokali. Ya ce, "Yau bawa ya san matsayinsa, har ya yi wa ubangidansa aiki?"

Na ce, "Ado nake masa, kada rana ta taɓa shi."

Ya zagaya ginshiƙin, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ya kasa kunne. Sai ya ce, ba da wasa ba a wannan karon, "Ya yi dai ko?"

"Ya yi."

"To, in ka ce ya yi, ya yi. Kai ne magini."

Shimfiɗar sama kuwa da na zo zuba ta, mai kauri na kwaɓa, irin ta da, na sa samari suka zungure ta har suka yi gumi. Babu wanda ya tambaye ni ina ilimin Kano ya tafi. Ta yi ƙarfi, ta yi nauyi kamar dutsen niƙa. Na ɗora kai mai lafiya a kan ƙafafu marasa lafiya, na koma gida ina addu'ar Allah ya rufa asiri, alhali asirin da nake so a rufa ramin da na haƙa wa mutane ne.

Bayan 'yan makonni aka ɗora tanki, aka haɗa famfo. Ranar da za a fara cika shi, garin duka ya fito. Jarkoki da bokitai da tuluna sun yi layi har bakin gonar Kawu. Wata tsohuwa ta zo da butarta kawai, ta ce ita dai tana so ta yi alwala da ruwan da ba ta tona ba kafin ta mutu. Taubashina ya yi wa tankin rumfar kwano don rana, saura 'yan ƙusoshi, sai ya hau ya ƙarasa, ya kuma leƙa ya gaya mana in ruwa ya kusa baki.

Rana ta ɗaga, famfo ya fara aiki. Ina tsaye ina jin ruwa yana zuba a cikin tankin, kowane ɗigo kamar a kan wuyana yake sauka. Da ya wuce rabi na kasa daurewa. Na ɗaga kai na ce, "Kai, sauko haka nan."

Ya leƙo. "Me ka ce?"

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya da babbar murya, in kori kowa daga wurin. Amma bakin da ya yi shekara da shekaru yana wasa bai san wata hanya ba. Abin da ya fito shi ne, "Na ce ka sauko kada iska ta ɗauke ka, ba mu da tsanin zuwa Zariya."

Jama'a suka yi dariya. Shi ma ya yi. Ya ce, "Ku ji bawa yana ba ubangidansa umarni. Saura ƙusa biyu, sai ka zo ka goya ni."

Sai na ga filastata ta gindin ginshiƙin gabas ta ɓare kamar ɓawon ƙwai. Aka ji ƙara irin ta karan dawa in an taka shi. Rodi ya lanƙwashe ya turo ciki waje, gadon ya durƙusa a hankali kamar raƙumi, gaba tukuna, sannan komai ya taho. Tankin ya fashe. Ruwan ya kwashe layin jarkokin nan ya watsa su cikin gona, ya kayar da mata da yawa, amma Allah ya sa sun ɗan yi nisa. Da ruwan ya janye, taubashina yana kwance a cikin taɓo, bakin shimfiɗar nan tawa mai ƙarfi yana kan ƙafarsa ta dama.

Da sandunan amalanke da jak ɗin mota aka ɗaga ta. Bai yi kuka ba. Yana ta salati a hankali, idonsa yana yawo a cikin mutane har ya same ni, ya tsaya.

Ana ɗaukar sa zuwa mota na ga Kawu ya sunkuya a gindin ginshiƙin. Ya ɗauki wani dunƙule ya murza da hannu ɗaya, hannun tsoho mai shekara tamanin, ya zama gari. Sannan ya ɗauki ɓallin filastata, ya gwada karya shi ya kasa. Ya juya bayan ɓallin, ya ga shatin tsakuwa a jiki. Maginin rumbu ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ya dube ni, ya sa ɓallin a aljihu, ya bi motar ɗansa.

Daga Rogo aka wuce da shi Kano. Likitoci sun yi iyakar yinsu, amma ƙashin ya niƙe. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ni na zauna jinyarsa. Wata rana yana barci na ɗauki wani dunƙule da na ƙulle a leda tun daga ƙauye, na nemi ginin nan, na tarar da injiniyan. Na miƙa masa. Ya murza, ya kaɗe hannu, ya saurari labarina har ƙarshe, abin da ni ban yi masa ba.

Ya ce, "Baba, ruwan da ke cikin namu bai fi na kankaren da kuka saba ba, wani lokaci ma bai kai ba. Maganin da ke cikin jarkar nan ne ke sa shi gudu. Sannan ana ƙara gari mai laushi da yawa don ya riƙe tsakuwar ta yi tafiya tare da shi, tsakuwar ma ƙanana ake zaɓa. Kowace mota sai mun gwada kafin a zuba, akwatin kuma ko ɗigo ba a yarda ya fita. In ka ƙara ruwa kawai, dutse ya nutse, siminti ya gudu, abin da ya bushe kuma duk ƙofofi ne."

Na ce, "Da a ce irin namu na da muka yi fa?"

"Mai kauri, a zungure shi sosai? Da jikokinku za su sha ruwa a ƙarƙashinsa. Ai babu abin da ya samu irin naku, Baba. Namu don inda hannu ba ya shiga aka yi shi." Ya dube ni. "Ranar nan na fara gaya maka. Ka ce ka gane."

Da na koma asibiti na zauna a bakin gadon taubashina na gaya masa komai, har filastar, har ƙusar da ta shige. Na so ya zage ni. Na so ya ɗauki kwanon abinci ya fasa mini kai. Ya saurara yana kallon silin, sannan ya ce, "Allah ya riga ya ƙaddara. Na gode da jinya, Malam."

Malam. Tun da aka haife mu bai taɓa kira na da wani abu ba sai bawa. Daga ranar nan kuwa gaisuwa yake mini cikakkiya, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, kamar baƙon da ya zo sayen kujera.

Wasu samarin garin sun so a kai maganar gaban hukuma. Kawu ya hana, ya ce ba za a ce ya kai ɗan ƙanwarsa ƙara ba. Da na je na tsuguna neman gafara, ya ce ya yafe. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro ɓallin filastar nan ya miƙo mini. Ya ce, "Riƙe abinka. A duk wurin nan shi ne aikin da ka yi da zuciya ɗaya." Yana nan a kan tagar ɗakina har yau. Matata ta sha ɗauka za ta yar, in ce ta mayar.

Garin ya sake yin rani biyu mata suna tonon yashi, ga rijiya a gabansu babu abin ɗora tanki, babu ma tankin. Daga baya wani mai walda daga Rogo ya yi musu gadon tanki na ƙarfe. Tsohuwar nan mai buta ba ta kai ba. Ban je buɗe shi ba, ba a kuma aiko mini ba.

Ana cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma gaskiya ne, na sa shi a wuyana da hannuna ranar da na ce wa injiniyan nan na gane. Amma in don wannan ne kaɗai, da siminti kawai aka yi asara. Abin da ya cinye ƙafar ɗan'uwana filasta ce. Kuskure yana da magani muddin yana a buɗe, ranar da ka shafe shi ka gyara masa fuska, ranar ka sa wa wani tarko. Na kuma koyi cewa wanda duk maganarsa wasa ce, ranar da zai yi kururuwar gaske dariya za a yi masa. Yanzu kankarena mai kauri ne har leburori suna tsine mini a ɓoye, kuma ina tsayawa a kan zungura kamar mai gadin kurkuku. Amma duk ginshiƙin da zan tsayar nan gaba, ba zai tsayar da mutum ɗaya a kan ƙafa biyu ba.

Taubashina ba ya hawa rufi. Yana da rumfa a kasuwar Rogo, yana zaune yana sassaƙa kujerun mata da alluna da akwatunan kaji, sandarsa a jingine da bango. Duk ranar kasuwa ina zuwa in sauke masa katako in zauna a gefe. Ba ya kora ta. Ina ba da labarai, maƙwabtansa suna dariya, ni kuwa kunnena yana wajensa, ko Allah zai sa wata rana bakinsa ya suɓuce ya ce bawa.

Kwanakin baya wani mutum daga garin Turawa ya zo rumfar, an ce masa a nan zai samu magini, yana so a zuba masa ginshiƙan shago. Ya tambaye ni ko hannuna yana da kyau. Hali zanen dutse, kafin in ankara baki ya riga ni. Na gyara zama na ba shi labarin motar gyaɗa, na ce shekara talatin ina wannan sana'a, kuma a duk tsawonta gini ɗaya ne tak ya taɓa ba ni kunya.

Mutumin ya juya wajen taubashina ya ce, "Mai rumfa, kai ka san shi. Haka ne?"

Bai ɗago ba. Ya hure ƙurar katakon da ke kan cinyarsa, ya ce, "Gaskiya Malam ya faɗa, guda ɗaya ne tak. Ni ma ai ƙafa ɗaya ce kawai."